Ranar da Malam yaj ja jirgin Baba shi kaɗai

Sallama gare ku, masu jiran tsohuwa ta tona asirin kanta. An gaya min wasu cikinku sun rubuto wai Hajiya Zuliha na jan labari kamar igiyar taru. To ni ban iya karatu ba, balle abin da kunka rubuta shi yi min zafi. Magana nike yi cikin waya, masu boko su maida ta baƙi. Wanda yag gaji shi tashi shi sha ruwa.

Ga waɗanda sunka shigo yau, ku matso. Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanko Kabi ba. Shekaruna ashirin ko kusa, ba wanda yar rubuta. Muna zaune Tungar Dudu, bakin tabki, ba nisa da Wara, cikin gidajen simintin nan masu lanƙwasasshen rufi kamar baka da anka gina muna bayan ruwa ya ci tsohon garinmu. Da rana ɗakin gasa mutum shike kamar masa. Babana, mutane na ce mai Ɗangana, shi ke da jirgi mafi girma duk yankin, na katako, mai ɗaukar buhu sittin na shinkafa da albasa zuwa Yelwa. Ni kuma banda nike saidawa kasuwar Wara.

Can nis samu masoyi. Malamin kimiyya ne makarantar sakandare, baƙo daga wajen Gusau. Maliki sunanai. Na faɗa sau ɗaya, ba ni ƙarawa, kuma kada ku yi saurin lissafi. Siriri ne, in ya juya gefe sai ka neme shi. Farar riga mai gajeren hannu, biro biyu ga aljihu, wando mai karin guga, alli har cikin gira. Wata uku shina sayen kifi wurina duk ranar kasuwa. Sai daga baya nij ji ashe kifi ƙaiƙayi shike sa mai, maƙwabta shike rabawa.

Ya taɓa rubuto min takarda. Niƙ ƙunsa ma wata mata tarwaɗa da ita. Da yag gane halin da ake ciki, sai yak koma kaset. Shi ajiye ƙarƙashin faifaina, in kai ɗakin Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba, wadda ke da rediyo mai cin kaset. Bayan azahar mu saki labule mu kunna.

Ku 'yan yanzu ana turo muku fure da zuciya cikin waya. Ga abin da ni anka turo min:

"Assalamu alaikum, Zuliha. Da fatan kin wuni lafiya. Jiya ina tunaninki sai na tuna da tabkinku. Kin san ruwan nan ba kwance yake ba? Tare shi aka yi a sama. Duk abin da aka ɗaga sama yana riƙe da ƙarfin da aka ɗaga shi da shi, yana jiran a sake shi. In an buɗe masa ƙofa a Kainji ya gangara, ƙarfin nan ne ke juya injin, ya zama wutar da ake kunnawa a Ikko."

Gwaggo tad dube ni. "Wanga neman aure shike, ko neman aikin gwamnati?"

"Ki saurara mana, Gwaggo."

"Ina saurare. Ruwanmu na haska Ikko, mu muna nan da aci-balbal. Ki ce mai mun gode da albishir."

Daidai inda yaf fara cewa, "Amma abin da nake so in faɗa miki shi ne," sai batir yay yi sanyi. Muryatai tay yi kauri, tana ja kamar ta sa, har tat tsaya. Gwaggo taz zare batiran tash shanya su ga rana bisa murfin tukunya. Sai la'asar nij ji sauran maganar, kuma ba ni gaya muku. Ku dai sani ba maganar tabki ba ce.

To, ga inda wahalar take. Kowace shekara in ruwa ya ja baya, ana hawa da jirgin Baba tudu, a bari shi bushe, a toshe tsagogi da auduga da kwalta. Gayya ake yi, maza arba'in ko fiye, da kiɗa da abinci. Kuma ƙa'idar gidanmu, duk mai neman ɗiyar gidan ranar shike zuwa da mutanenai su kama igiya. Baba ba damtse shike dubawa ba. Shina son shi ga wa mutum yak kira, wa yaa amsa mai.

Ran nan da magariba na kai ma su Baba tuwo zaure, nit tsaya bayan zana ina gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Wana Magaji na magana, shi ko ƙato ne, wuyanai kamar turmi.

"Baba, da gaske malamin nan zai zo? Da wa? Ko alli zai kawo shi zana muna mutum arba'in ga ƙasa?"

Sunka yi ta dariya. Baba bai yi ba. Yac ce, "Asabar. Shi zo. Ban hana ba, ban bayar ba."

Cikin gida Inna tat tare ni wajen murhu.

"Ɗiyata, ga 'ya'yan masu jirage rututu, kin tsallake kin ɗauko mai biro. In jirgi ya kife da ke, da biro zai tsamo ki?"

"Inna, ai ba cikin jirgi za mu zauna ba."

"Bakinki ɗin nan shi zai kashe ki. Wuce ki kwashe toka."

Ranar kasuwa yaz zo kamar kullum. Nig gaya mai saƙon Baba. Yaf fara murza biro.

"An yi hutu," yac ce. "Malamai duk sun tafi garuruwansu."

"Ɗalibanka fa? Na gari?"

"Ba a ba ni 'ya'yan mutane don su nema mini aure ba."

Nic ce a raina, kai ko wagga gaskiya taka za ta bar ka gwauro. Can sai yad durƙusa gaban tallana, yaɗ ɗauki tsinke.

"Taku nawa ne daga ruwa zuwa inda ake ajiye jirgin?"

"Kamar arba'in."

"Tudun yana da tsini, ko a kwance yake?"

"Tsohuwa na hawanai da tulu."

"Akwai itace a sama?"

"Tsamiya."

Yay yi murmushi, irin wanda ban taɓa gani ba gare shi. Yaz zana jirgi, yaz zana itace, yaj ja layuka tsakani.

"Zuliha, aikin nan guda ne, ko wa ya yi shi. Nauyin jirgi ne, da tsawon inda za a ɗaga shi. Mutum arba'in suna raba shi, kowa ya ɗauki kaɗan, a gama nan da nan. Mutum ɗaya kuma yana iya ɗaukarsa kaɗan-kaɗan har ya ƙare."

"Malam, kai ko kwandon nan ba ka ɗagawa."

"Akwai ƙafafun ƙarfe masu kwari a tsakiya, inda igiya ke bi. Makanikai a Yelwa da su suke ɗaga injin mota. Huɗu a jikin tsamiya, huɗu a hancin jirgi, igiya ta je ta dawo sau takwas. Nauyin da zan ji a hannuna kashi ɗaya ne cikin takwas."

"Wato ka cuci jirgin."

"Ba ya cutuwa. In ina so ya matsa kamu ɗaya, sai na ja igiya kamu takwas. Abin da na rage a ƙarfi, ƙafata za ta cika shi da tafiya."

"Ƙarfin tafiyar kuma daga ina?"

"Daga tuwo. Tuwo daga shinkafa, shinkafa kuma rana ce ta raine ta."

"To. Rana ce za ta ja jirgin Babana ke nan."

"Kusan haka."

Wata mai saida daddawa kusa da ni tac ce, "Ke Zuliha, mutumin naki duba shike yi?"

Yanzu ku natsu, nan ne wurin da nike jin nauyin faɗa. Na san mi ake nufi da gayya. Cikinta anka haife ni. Baba na jan jiragen mutane, su ja nashi. Wanda anka ja ma jirgi shi ciyar, wanda yac ci kuma ya san ranatai na zuwa. Duk wanda yah hau da jirginai ba tare da jama'a ba, ya ce musu ke nan ba shi bukatarsu, su ma kada su neme shi. Malam baƙo ne, ɗan tudu, bai san wanga ba. Kalma biyu ta isa in gaya mai.

Amma dariyar Magaji na cikin kunnena. Ina ganin ƙaton wuyan nan ya sunkuya gaban mutane arba'in, nij ji wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Nic ce, "Ranar gayya ba masuncin da ke fita su. Ba kowa bakin ruwa sai hantsi."

"Zan bukaci gumagumai da jirgin zai gangara a kai, don kada ƙasa ta riƙe shi."

"Ina da itacen banda. Miƙaƙƙu, ba su da ƙulli."

Kun ji. Da bakina da itacena.

Juma'a tun safe gidanmu ya cika da mata. Turmi huɗu na tashi, an kawo giwan ruwa biyu manya, Inna ta fiddo manyan tukwanen da ba a taɓawa sai biki. Ni ina ciki ina surfe, ina ƙunsa lalle ga hannun hagu a ɓoye. Da la'asar nic ce za ni ɗebo itace, nij jera gumaguman bayan tsamiya, nir rufe da ganye.

Asabar bayan an idar da sallar asuba Baba yat tafi tungar gaba kiran makaɗi da dattawa. Ni kuma niɗ ɗaura sabuwar atamfa shuɗiya mai zanen ganye, nis sa kwalli har sau biyu, ni ari 'yan kunnen Gwaggo masu lilo, niɗ ɗora tukwane bisa kai.

Inna tad dube ni sama da ƙasa. "Wankin tukwane da sabon zane?"

"Tsohon ya jiƙe, Inna."

"Da kwalli ma ya jiƙe?"

Niy yi kamar ban ji ba.

Inda ake ɗaure babban jirgin akwai 'yar tafiya, bayan wani dutse, ba a hango shi daga gari. Ina shan kwanar dutsen nit tsaya cak.

Jirgin Baba ya fito daga ruwa. Jirgin da maza arba'in ke nishi kafin shi motsa, ga shi bisa gumagumai, hancinai na kallon tsamiya. Igiya ta je ta dawo, ta je ta dawo, kamar zaren masaƙa. Ga Malam da singileti, ya naɗe wando har gwiwa, ya rataya bakin igiya ga kafaɗa, shina tafiya a duƙe kamar jakin da bai ƙoshi ba. Shi yi taku takwas, jirgi shi ce ƙiii, shi matsa ɗan kaɗan. Shi dawo, shi tura dutse ƙarƙashi, shi ɗauko gungume daga baya shi kai gaba, shi sake kama igiya.

Wallahi nim mance da Magaji na ɗan lokaci. Niz zauna bisa tukunya ina kallo.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa. Kin gani? Taku goma sha biyu ya hau."

"Kai ka yi nawa?"

"Kusan ɗari, ban da komawa."

Yan nuna min tafukanai. Sun yi ja, wani wuri ya tashi.

"Taɓa igiyar nan ki ji ɗumi. Ba duk ƙarfina ke isa jirgi ba. Wani yana tsayawa inda igiya ke gogar ƙarfe da hannuna, ya zama zafi."

"To ka bar zuba shi ga hanya mana."

"Ba a iya hanawa duka. Ragewa ake yi."

Nij jefa mai tsumman sauke tukunya yan naɗe hannu. Na wanke tukwanen nan sau uku-uku don kada in tashi. Rana na hawa, jirgi na hawa. Singiletin ya manne mai ga haƙarƙari, ana iya ƙirga su. Sau biyu yaz zauna yash sha ruwa. Sau ɗaya ƙafatai taz zame yaf faɗi, yat tashi bai ko kakkaɓe ba. Da hantsi ya yi, saura bai fi taku biyar ba a kai inda ake ajiyewa. Ƙafafun ƙarfen na hanci sun zo sun haɗu da na tsamiya, sai yad danna babban dutse ƙarƙashin jirgin, yak kwance igiyar don shi sake ɗauri.

Lokacin ne munka ji kalangu.

Sunka sha kwanar dutse, makaɗi gaba, Baba da Sarkin Ruwan tungarmu, wani tsoho mai ido ɗaya, na biye. Bayansu maza sun tuɓe riguna, sun ɗaure ƙugu, Magaji na ɗauke da igiyar gayya ga kafaɗa. Can baya mata da akusa da ƙorai.

Makaɗi shi yaf fara gani. Kiɗan yam mutu ga hannunai.

Malam na tsaye gefen jirgi, gumi na ɗiga ga haɓatai, shina murmushi kamar yaron da yak kawo allo a duba. Yad durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba. Saura kaɗan."

Nid dubi Magaji. Ya sauke igiya, bakinai a buɗe. Abin da nike so ke nan, ga shi na samu, amma sai nij ji kamar na haɗiyi ƙayar kifi.

Sarkin Ruwa yaz zagaya jirgin a hankali, yat taɓa ƙarfen da sandatai.

"Ɗangana," yac ce, "ashe ka samu inji."

"Sarki, wallahi ban..."

"Shekara talatin muna jan naka kana jan namu. Da ka aiko ka ce ka wadata, da mun fita su yau. Wasu nan tun Shanga sunka kwano hanya."

Wani daga baya yac ce, "Mu koma, jama'a." Sunka fara ɗaukar riguna.

Inna tam matso da akushi ga hannu. "Haba Sarki, ga abinci an gama."

"Mi munka yi da za mu ci, Balaraba?"

Ku 'yan birni ba ku san nauyin wagga magana ba. A dafa giwan ruwa biyu, maza arba'in su juya baya ba su sa hannu ba, gidan nan ya shiga kunya har jikoki. Nid dubi Baba. Tsufa kawai nig ga ya sauko mai ga fuska lokaci ɗaya.

Murmushin Malam ya tafi. Yam matso inda nike kamar mai neman ruwan sha, yay yi ƙasa da murya.

"Me na yi?"

"Ka ce musu Baba ba shi bukatarsu."

"Ni? Yaushe?"

"Da jirgin kac ce."

Yad dube ni. "Kin san haka?"

Nis sa ido ga tukunya.

Yad dubi hannuwanai cikin tsumma. Yad dubi jirgin, aikin tun asuba. Sannan yab bi gangaren da ido har bakin ruwa, a natse, na ga shina tabbatarwa ba kowa ga hanya. Yat tashi yaz zagaya kamar mai duba igiya, yad dafa gefen jirgin, yas sa ƙafar hagu yash shure dutsen nan.

Da farko kamar ba abin da zai faru. Sai gumaguman sunka yi ƙara. Jirgin yaj ja baya sannu, yaƙ ƙara sauri, yat tafi gurrr, gumagumai na tsalle ta ko'ina. Da sunka ƙare yah hau lakar da ruwa yab bari mai santsi, yaz zarce. Duk ƙarfin da Malam yat tara mai tun asuba, taku takwas-takwas, jirgin yaz zubar da shi kafin mutum shi ce a'uzubillahi. Gindinai yad daki ruwa, ruwa yat tashi ya fi tsawon zaure, tsuntsaye sunka watse.

Malam yaɗ ɗora hannu bisa kai. "Wayyo Allah! Lissafina ya ɓaci!"

Ban taɓa ganin wanda bai iya ƙarya ba irinai. Ko akuya ba ta yarda da wanga ihu. Amma Gwaggo Tabawa, Allah shi jiƙanta, ta fi kowa saurin ganewa. Tas saki wata dariya har tana dukan cinya.

"Boko ya kai shi har bakin ƙofa, ya ce a nan anka tashi makaranta!"

Sai dariya tab ɓarke. Waɗanda sunka sa riga sunka sake tuɓewa. Sarkin Ruwa yaj juyo shina share hawaye ga idonai mai gani.

"Ɗangana, injin naka na da kyau, sai dai baya shike tafiya. Kai makaɗi, mi kake jira? Ku nuna ma ɗan makaranta yadda ake yi!"

Magaji yaw warware igiyar gayya, wuyan nan ya koma daidai. "Malam Gangara! Zo ka kama jela, nan ne wurin baƙi."

Yaj je yak kama. Sunka yi ƙwallo da gumagumaina gefe, wai ba su son kayan ragwaye, sunka ja jirgin bisa tsurar ƙasa, yashi na cin gindinai. Na ga Malam ya runtse ido. Ina jin wanga ya fi dariyar yi mai ciwo. Kalangu na tashi, ana amsawa, jijiyoyi sun fito ga wuya, kafin a ce mi jirgi na ƙarƙashin tsamiya. Tsumman hannun Malam ya yi ja, bai saki igiya ba sai da kowa yas saki.

Anka ci tuwon nan har ƙanzo. Ana ci ana tsokanarshi, wanga shi ce a kawo alli a sake lissafi, wancan shi ce a ɗaure akushi kada shi gangara. Shina dariya tare da su. Inna da kanta taz zuba mai miyar kuka daban ba kifi. Ban san wa yag gaya mata ba.

Bayan la'asar mutane sun watse, ina tattara ƙorai, Baba yak kira ni. Shina zaune inuwar jirgi, Malam durƙushe gabanai. Nid durƙusa nesa kaɗan, nij ja gyale.

Baba na kallon ruwa.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Ƙafar hagu ce."

Malam yas sunkuyar da kai.

"Shekara hamsin ina danna dutse ƙarƙashin jirgi. Ban taɓa ganin wanda yaf fita da kainai ba." Yag gyara zama. "Gaya min, tunda kai mai sani ne. Wahalar nan taka ta safe, ina tat tafi?"

"Ta bi jirgin, Baba. Wata ta zama ƙara, wata ta tayar da ruwa, wata ta zama zafi a ƙasa. Ba ta ɓace ba, ta watse ne."

"Na san ba ta ɓace ba," in ji Baba. "Ƙarafan nan naka, ka sa su cikin buhu ka kai ɗakina ta baya. Akwai injin jirgi da nike ɗagawa, bayana ya fara magana. Kada Sarki shi ji."

"To, Baba."

Zuciyata taf fara rawa. Nic ce shi ke nan, an gama, har ina tunanin kalar atamfar ɗaurin aure. Sai Baba yaj juyo gare ni.

"Zuliha. Gumaguman nan na san su. Ni nis saro su."

Nis sunkuyar da kai.

"Shi baƙo ne. Bai sani ba, da yas sani kuma ya gyara da mutuncinai, yau har yara na kiranai Gangara. Ke cikin gayya anka yanke miki cibiya. Don mi kinka yi shiru?"

Na iya ƙarya, 'ya'yana, ba yabon kai ba. Na saida kifin shekaranjiya da sunan na yau ba sau ɗaya ba. Ina da amsa uku shirye ga baki: na mance, na ji tsoro, ban zaci zai iya ba. Nid dubi tsumman nan ga hannun Malam, duk ukun sunka gudu.

"Don in ga Magaji ya ji kunya," nic ce.

"Ɗaga murya. Malam bai ji ba."

"Don in ga Magaji ya ji kunya."

"Ba don Malam shi samu shiga ba?"

Da na ce duka biyun, da an karɓa. Nic ce, "Lokacin dai Magaji nike gani."

Baba yag gyaɗa kai. Yad dubi Malam.

"To ka ji da kunnenka, kada gobe ka ce an rufe ka. Ni na ba ka ita. Ban taɓa ba wani da zuciya ɗaya haka ba. Saura kai, in kana karɓa."

Nij jira shi ce wani abu na tabki, ko na rana da shinkafa, ko mi ne ne. Yad daɗe shina kallon ƙasa tsakanin gwiwoyinai. Sannan yac ce, a hankali:

"Na gode, Baba. A ba ni zuwa Juma'a."

"An ba ka."

Yan naɗe doguwar igiyar nan da ƙyar, yaɗ ɗaura bayan keken da yaz zo da shi. Hannuwan ba su iya riƙe kan keken, sai yad dafa shi da guiwar hannu shina turawa. Yab bi ta gabana, kusa har ina jin warin gumi da alli.

"Malam," nic ce.

"Sai an jima, Zuliha."

Bai waiwayo ba. Na tabbata, don ban ɗauke ido ba har yash sha kwanar dutse.